Injin Ƙira Biyu a Kano, da Hannun Babana

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. Ramatu ta tare ni a bakin buro, wurin aikinmu, tana tambayar ko atamfa ta yi sauƙi a Kano, Mariyama ta kira ni sau uku wai in ba ta labari tun daga tasha, su kuwa matan adashinmu ba abin da suke son ji sai dalilin da ya sa na tafi da kuɗin babban inji na dawo da ƙarami. Har an fara raɗa wai Kanawa sun yi mini wayo. To, bakina ya gaji. Ga shi nan a rubuce, kowa ta karanta, wadda ba ta gamsu ba ta biya kuɗin mota ta je ta gano wa idonta.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, babana maƙeri ne. Asalinsa Tibiri ta wajen Gidan Rumji, ya zo Gazawa tun ba a haife ni ba, amma har yau Gobirancinsa bai bar bakinsa ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Abin da ya yi suna da shi faifan shuka ne. A cikin injin shuka da shanu ke ja akwai wani ɗan faifai mai ramuka a gefe, yana juyawa yana ɗaukar iri ƙwaya-ƙwaya yana saki ƙasa. Na aya daban, na wake daban, na gujiya daban. In ramin ya yi faɗi, iri ya zube a banza. In ya matse, gona ta fito da giɓi. Baba yakan zuba su da sanholo, ya huda, ya bi da magagari, kuma daga Gangara har Agye faifansa ake nema.

Sai daminar bara. Gonakin aya uku da aka shuka da faifansa suka fito tamkar kan mai ƙesbi, nan cunkus, can fili. Ba wanda ya zo ya yi masa faɗa, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Kawai dai mutane suka riƙa wuce ƙofar maƙerarsa, su gaishe shi da ladabi, su kai aikinsu Maraɗi. Baba ya ce ƙarfen zamani ne ba shi da kirki. Duk gidan mun san idonsa ne, yana ce ta rufe shi, amma wa ya isa ya faɗa? Ƙanena ya taɓa gwadawa, sai da ya yi sati biyu ba a amsa gaisuwarsa.

Ni kuma kun san aikina, zane nake yi a ordinater, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, a Agye. A wani horo da aka kai mu Maraɗi na ga injin nan da ke ƙera abu da roba. Ka zana abu, ka ba shi, sai ya narka zaren roba mai kaurin taliya, ya riƙa shimfiɗa shi layi bisa layi har abin ya tashi a gabanka. Tun a wurin zuciyata ta ce faifan shuka. Na kwaso tsofaffin faifan Baba na lokacin da idonsa ke garau, na auna su ɗaya-ɗaya na zana. Na sayar da sa guda da nake turka, na haɗa da kwasar adashi, maigidana ya cika mini. Niyyata in je in sayo mafi kyau, in aje a maƙera, sunan Baba ya dawo kafin ruwan shuka. Da na faɗa masa, sai ya ce, “Abin da za shi kwana cikin maƙerata, sai na taɓa shi da hannuna. Tare za mu tahi.”

Haka muka tashi ranar wata Litinin da hantsi, a wata tsohuwar mota da aka yi don mutum tara, aka zuba mu goma sha huɗu ban da rago. Ragon na wani Bafillace ne mai suna Jaɓɓo, dattijo mai fara'a, za shi kai wa ɗiyarsa da ta haihu a ƙetaren iyaka. Suka shiga hira da Baba kan kaifin lauje, ni kuma na yi gyangyaɗi. Ina farkawa na ga ragon ya zura kai cikin jakata ya cinye rabin takardun zanena, yana kallona yana tuƙa. Na ce, “Wayyo Allah, aikin wata guda!” Jaɓɓo ya kama kunnen ragon yana cewa, “Yi haƙuri, ɗiyata, wannan ba ya da hankali, ko takardar haraji ya samu ci yake yi.” Motar duk ta kwashe da dariya, ni kaɗai ce ban yi ba. Allah ya so ni zanen yana cikin waya, da a nan tafiyar ta ƙare.

Bayan Gangara muka kafe a rairayi sau biyu. Maza suka sauka turi, har da Baba, duk da na ce ya zauna.

A kan iyaka aka ce kowa ya fito da takardunsa. Baba ya laluba aljihu ya miƙa wa jami'in katin rigakafi. Mutumin ya ce, “Baba, ba wannan ba.” Ya sake miƙa wani, shi ma ba shi ba ne. Na sa hannu na zaro masa katin, sai ya ce, “Rumfar nan taku duhu gare ta.” Rana tana tsaka, ko inuwar kirki babu. Da aka zo buɗe kaya kuma, sai ga guduma, ga awartaki, ga magagari biyu a cikin jakar Baba, ban ma san ya ɗauko su ba. Jami'in ya ce, “Yaƙi za ka?” Baba ya ce, “Maƙeri ba ya tahiya hannu sake.” Kafin a gama duba sauran fasinjoji ya gyara musu mariƙin butar shayi da suka ɗaure da waya. Muka bar wurin ana ce mana a sauka lafiya, har da ƙoƙon shayi.

A nan muka canza kuɗi. Sefar da na riƙo a 'yar ambulan ta koma damin naira har jakata ta ƙi rufuwa. Baba ya ɗaga ya ji nauyi ya ce, “Yau dai mun zama alhazai.”

Daga Katsina muka shiga doguwar mota. Direbobin can, Allah ya shirye su, gudu suke kamar an ce Kano za ta tashi. Wani mai tallar magani ya miƙe a tsakiyar mota ya fara da na basir, ya gangaro kan na ciwon baya, ya zo kan na ido. Ya ce kwalba guda tana wanke yana cikin kwana bakwai. Baba ya kau da kai wajen taga. Amma da mutumin ya zo wucewa, na ji ya ja rigarsa a hankali ya ce, “Nawa?” Na yi gyaran murya. Ya ce, “Wani maƙwabcina nika tambaya ma.” Ban bari ya saya ba, shi ma bai nace ba.

Mun sauka gidan Idi, wanda ya yi shekara tara yana zuga wa Baba wuta kafin ya koma Kano yana zuba tukwanen sanholo. Yanzu furfura ta fara fito masa, yana da gidansa da ma'aikatansa, amma yana ganin Baba ya zube ƙasa a tsakiyar titi. Matarsa Asabe Bakanuwa ce ta ainihi, baki kamar reza, zuciya fara. Ta yi ta yi mini dariya wai na ce lakol maimakon makaranta, na ce kuran maimakon wuta, ni kuma na ce ta fara gyara nata, kalma uku sai ta sako “sori”. Ta kawo mana gurasa da miyar taushe, kuma wallahi na yaba, ko da yake man ya yi yawa. Baba ya nemi fura. Aka sayo masa wadda aka dama da inji, ga sukari ga ƙanƙara. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye ya ce, “Asabe, wagga ba hura ba ce, ruwan ɗaurayar ƙwarya ne.” Washegari da kanta ta dama masa da ludayi.

Abu biyu suka ba ni mamaki a garin. Na ɗaya, kowane gida da janaretonsa, in an ɗauke wuta sai unguwa ta ɗauki ruri ba mai jin maganar wani. Na biyu, ba mutum ɗaya da ake kira da sunansa tsura. Wannan Alhaji, wancan Dakta, mai gyaran waya ma Injiniya ne. A gida ko prefe ne mai mulkin gunduma guda, in ya zo zaman makoki Malam wane ne.

Da safe Idi ya kai mu kasuwar kayan kwamfuta, haka suke ce wa ordinater. A hanya ƙafar Baba ta faɗa kwata har idon sawu, ya ce laifin Kanawa ne da ba su rufe rami. Shagon yana saman bene, mai shi kuma, kun riga kun sani, Injiniya ne. Injiniya Nura, mutum mai natsuwa, kuma tun yanzu in faɗa, bai cuce ni ko da ƙwandala ba.

Inji biyu ya nuna mana. Na farko akwati ne baƙi mai ƙofar gilashi, da fitila a ciki, da ɗan allo da ake taɓawa. Na ganta na ji ta shiga raina. Na biyun kuwa ƙarafa ne a tsaye ba riga ba zane, wayoyi a waje, bel a waje, kana ganin duk hanjinta. Baba ya shafa su duka biyu ya raɗa musu suna, mai gilashi da tsirara. Kuɗin mai gilashi ɗaya zai sayi tsirara huɗu, kuma abin da na zo da shi ya isa mai gilashi cif, sai ɗan na zare da na mota.

Na tura wa Injiniya zanen faifan aya. Ya taɓa allo sau uku, ya rufe ƙofa, muka zauna. Ba ƙara, ba hayaƙi. Kafin awa guda ga faifai ya fito sumul. Baba ya karɓa ya jujjuya, ya ciza gefensa, sannan ya ce Idi ya kai shi ƙasa. Muka bi su ba mu san abin da zai yi ba. Ya ɗora faifan a kan rufin wata mota da ke cikin rana, ya ce mu je salla. Da muka dawo daga azahar faifan ya lanƙwashe kamar ganyen da aka yi wa turiri. Baba ya ce, “Manomi ba ya kai injin shuka inuwa. Nan gona shika barin shi har la'asar.” Ya faɗi haka yana murmushi, kuma rabon da in ga haƙoransa tun kafin mu baro Katsina.

Injiniya bai yi gardama ba. Ya ce zaren ne, ba injin ba, wancan na kayan ado ne da na ɗaki. Ya ɗauko wani mai jure zafi, ya ce duka injin biyu suna cin sa. Aka sake buga wani, aka sake kai shi rufin mota, har Baba ya sa aka tura shi cikin yashi mai zafi a gindin bene. Bai ko motsa ba. Baba ya zaro aya daga aljihu, ashe da ita ya taho, ya riƙa saka ƙwaya a kowane rami yana bi da yatsa. Ramuka duka ɗaya, ba wanda ya fi wani. Ya ce, “Ya yi. Ya hi nawa.” Can kuma ya juya wajen Injiniya ya ce, “To ita mai gilashin, mi zan riƙa yi mata?”

Injiniya ya ce, “Ba komai, Baba! Ai daɗinta ke nan. Da kanta take daidaita kanta, da kanta take goge bakinta. In ta samu matsala ma ba a buɗewa, mu za a kawo wa. Kai dai ka samu kujera ka huta.”

Ni kuma, don Allah ku ji wauta, na ce, “Ka ji ko, Baba? Ka huta!” Ya ce, “To.” Muka yi da Injiniya zan dawo da safe in biya a ɗaure mini.

Da la'asar ina taya Asabe tsinkar zogale, Baba yana zaune a zaure, tuwon rana na gabansa bai taɓa ba. Idi ya shigo ya tsuguna ya ce mini, “Shekara tara na yi da shi, ban taɓa ganin hannuwansa biyu a kan cinya ba sai yau.” Raina ya ɓaci. Na ce, “Yaya Idi, sa guda na sayar fa! Mutane na wuce ƙofarsa kamar ba su san shi ba, ni kaɗai na tashi in rufa masa asiri, shi ne za a ce ban kyauta ba?” Asabe ba ta ko ɗago kai daga tiren ba, ta ce, “Ba wanda ya ce ba ki kyauta ba. Sunan za ki dawo da shi, wannan ba shakka. Shi mai sunan fa, ina za ki ajiye shi?” Na ce ita ba ta san komai a kan inji ba. Ta ce haka ne, amma ta san tsofaffi.

Ban sauya ra'ayi ba, kada ku ce ina da saurin ji. Da safe na ɗauki damin kuɗina muka koma, mai gilashi nake nufi. Muka tarar da Injiniya yana fama da wata tsirara da wata makaranta ta saya, ya ce mu ɗan jira ya gwada ta kafin a zo ɗauka. Ita tsirara, ashe, akwai abin da sai an yi mata da hannu. Tana da faranti da robar ke sauka a kai, kuma tsakanin bakin da ke fitar da roba da farantin dole ya zama kaurin takarda ɗaya, a duk kusurwa huɗu. In ya yi nisa robar ba ta kamawa, in ya matse bakin ya karci faranti. A ƙarƙashin kowace kusurwa akwai ɗan kambu da ake murɗawa. Sai ka zura takarda a ƙarƙashin bakin, kana ja kana murɗawa, har ka ji ta fara kamawa kaɗan. Ba a gani, ji ake yi.

Injiniya ya murɗa nan, can ya ɓaci. Ya kunna, robar ta tattare ta zama curi. Ya yi tsaki ya kankare ya sake. Baba yana kan benci, fuskarsa na kallon bango. Da aka kunna karo na uku sai na ji ya ce, “Kusurwar hagu ta baya ta yi sama. Tana karta.”

Injiniya ya duba, ya ɗago ya dube ni. Baba ya miƙe ya ce, “Ba ni takardar.” Injiniya ya kama hannunsa ya kai kan kambun, ya ce, “A hankali, Baba, bakin da zafi.” Baba ya yi dariya ya ce, “Ni za ka hwaɗa ma wuta?”

Ya zura takardar. Ya ɗaga kai sama, ya ma rufe idon gaba ɗaya. Yatsa biyu na riƙe da takarda, biyu na kan kambu, yana ja yana saki, yana murɗa abin da ni ban ma ga ya motsa ba. Ya zaga kusurwa huɗu, ya sake zagawa. Ya taɓa bel ɗin gefe ya ce wannan ya saki, a ba shi abin ɗauri, ya ɗaure da kansa. Sannan ya ja da baya ya ce, “Kunna.”

Layin farko ya kwanta lumui, ko ƙwarzane babu. Injiniya ya ce, “La'ilaha illallahu. Ni fa sai in yi rabin awa a kan wannan.” Idi ya ce, “Wannan hannun yana gane kaurin lauje a cikin duhu, takarda ce za ta gagare shi?” Baba bai kula su ba, ya sunkuya ya kara kunne yana sauraron injin, hannunsa ɗaya a kan ƙarfenta.

Na fita na tsaya a kan matakala. Haushi nake ji, kuma ban san na wa ba. Wata uku ina mafarkin inji mafi kyau irin mai gilashi, na riga na gaya wa duk buro, na san kuma abin da za ku ce in na dawo da ƙarafa. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne na gane abin da na shirya yi. Na shirya in ɗauki mutumin da ya rayu da hannunsa in zaunar da shi a ƙofar maƙerarsa yana gadin akwati, mutane na cewa faifan wane, shi kuwa ya san ba shi ya yi ba. Na share hawayena da bakin mayafi na koma ciki.

Na ce, “Injiniya, don girman Allah faɗa mini aibun tsirara, kada ka rage.” Bai rage ba. Ya ce abin da mai gilashi ke yi a awa ɗaya, ita sai ta yi uku. Baba ya ce da sauran wata biyu kafin ruwa. Ya ce ba ta son ƙura, ba ta son iska. Baba ya ce akwatin tol, wato na kwanon rufi, wuni ɗaya ne a wurinsa. Ya ce bakinta na toshewa, bel na saki, amma duk kusoshinta a fili suke, kayan gyaranta kuma ba tsada. Baba ya ce jaki ma ana yi masa kofato. Sannan Injiniya ya ce, “Babban aibunta, wannan daidaitawar. A irin wurinku, kusan kullum da safe sai an yi.”

Baba ya ce, “Kullum?”

Ya ce, “Kusan kullum.”

Da kun ga fuskar tsohon nan! Na ajiye damin kuɗin a kan tebur na ce a ɗaure mini tsirara. Da ragowar na sayi zare mai jure zafi da yawa, da bakuna da bel na canji, da batir mai riƙe wuta saboda yankewar kuran. Kuma ku ji da kyau, ban ce mai gilashi ba ta da kyau ba. Da buronmu zan saya wa, ita zan ɗauko ba tare da na waiwaya ba, don a can ba mai hannun da zai yi wannan aikin, ni kaina sau goma na gwada takardar ban ji komai ba.

A dawowa Baba ya hana a ɗora kwalin a saman mota, sai da na biya masa kujera guda. A duwan, wato kwastan kan iyaka, jami'in ya rasa a wane layi zai rubuta ta, ya ce ko injin ɗinki ce. Baba ya zaro faifan da aka buga a Kano ya miƙa masa. Ashe ɗan manomi ne, ya jujjuya shi ya ce, “Akwai na wake?” Muka biya abin da doka ta ce, muka wuce da aikinmu na farko a hannu.

Yau kwana ashirin da dawowarmu. Akwatin tol ya yi shi, da gilashin tsohuwar taga a gaba, saboda haka yanzu ita ma mai gilashi ce in kuna so. Faifai ukun farko sun lalace, ɗaya ma mun tarar da shi ya zama taliya, laifina ne wajen zafi. Daga nan ta miƙe. Ni nake zuwa daga Agye ran Asabar da Lahadi in shirya zane in zuba a ɗan katin injin, ƙanena na danna mata sauran kwanaki, amma ba mai taɓa kambun nan sai Baba. Kowane faifai ya fito, shi yake bin ramukan da aya kafin ya bar maƙera, kuma ya mayar da biyu da ni ban ga aibunsu ba. Mutane sun fara tsayawa. Wasu kallo ya kawo su, amma mutum shida sun bar injin shukarsu a ƙofa.

Lahadin da ta wuce na iso da hantsi na tarar ya gama daidaitawa, injin na ta aikinta, shi yana ninke 'yar takardarsa yana sawa a aljihu. Na gaishe shi na zauna a kan turmi ina buɗe jaka. Ya ce, “Uwata.” Na ce, “Na'am, Baba.” Ya ce, “In an ƙare shuka, ki kai ni Maraɗi wurin lokotoron ido.”

Na ci gaba da buɗe jakata, ina tsoron in yi magana ya janye.

Ya ce, “Da ina tsoron su ce ba ya gyaruwa, in rasa ido in rasa maƙera. Yanzu ko mi suka ce, ina da aiki.” Ya juyo inda nake, ya ɗan kauce kaɗan, yana kallon kafaɗata. Ya ce, “Shekara biyu ke nan ban ga huskarki ba, muryarki nika bi.”

Na ce, “To, Baba, za mu je.” Na tashi na shiga cikin gida wai zan ɗebo ruwa, na daɗe ban fito ba.